Madubin da aka bari a duniyar wata

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, musu ne ya kaure a majalisarmu shekaranjiya bayan isha'i, wani abokinmu ya kafe wai Amurka ba ta taɓa sauka a wata ba, fim aka haɗa. Ni kuma nace to ai hasken leza ma ya isa ya raba gardama.

A 1969 da 'yan sama jannatin Amurka Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a wata, sun ajiye wani faranti mai ƙananan madubai guda 100, bai fi faɗin tire ba, kuma aikinsa irin na ɗan abin nan ne mai ƙyalli a bayan tirela da daddare, duk inda haske ya fito can yake mayar da shi. 'Yan sama jannatin da suka biyo baya a kumbunan Apollo 14 da 15 ma sun ajiye nasu. Har yau ɗin nan masana a jihar New Mexico da kudancin Faransa suna harba leza ta cikin madubin hangen nesa, ya je ya daki farantin ya dawo cikin kusan daƙiƙa 2 da rabi, sai a lissafa da gudun haske a samu nisan, wajen kilomita 384,000. Wahalar ita ce kafin hasken ya isa ya bazu ya kai faɗin kilomitoci, ɗan mitsitsi ne ke dawowa, amma da haka aka gano wata yana matsawa nesa da mu santimita 3.8 duk shekara, kusan yadda farce ke tsiro kenan, ikon Allah!

Gaskiya abokin namu bai yi shiru ba, yace ai Rasha ma ta kai irin madubin da motarta Lunokhod ba tare da mutum ba. Haka ne, na yarda. Amma Rashar da take kishiyar Amurka a lokacin, tana bin tafiyar da na'urorinta, me ya hana ta tona asiri?

Ni dai roƙona Edita, ku riƙa kawo mana irin wannan a shafin kimiyya ko sau ɗaya a wata, yaranmu leza kawai suka sani ta ɗan tocilan ɗin wasa da suke haska wa mage.

Naka, mai karatu daga Zariya.