Gudawar yara a damina: iyaye su gyara awon ruwan gishiri da sukari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin iyaye kan abin da kowa ke ganin ya iya, alhali kuskure ya yi masa katutu, wato haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Damina ta kankama, ruwan kwata na gangarawa cikin rijiyoyin da ba su da murfi, kuma ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya, ta kashe sama da dubu 3, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Abin da ke kashe mai gudawa shi ne tsiyayewar ruwa da gishirin jikinsa. Jariri kuwa jikinsa ƙarami ne, yini guda ya isa ya galabaitar da shi. Hanjin mai gudawa ba ya iya tsotsar ruwa zalla yadda ya kamata, amma idan gishiri da sukari suka haɗu daidai gwargwado, sukarin ne ke jan gishirin ya shiga jini, ruwan kuma ya bi su. Shi ya sa awo ya zama komai. Idan sukari ya yi yawa, sai ya janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Idan gishiri ya yi yawa, yana iya sa yaro jijjiga, har ya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Mafi inganci shi ne ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka auna, wanda ake samu a asibiti da kemis, domin yana ɗauke da sinadarin fotasiyam da haɗin gida ba shi da shi. A duba bayan ledar tukuna, wani na lita ɗaya ne, wani na rabin lita. Leda ɗaya ta ruwan fiya-wata rabin lita ce, biyu kenan lita ɗaya. A juye garin gaba ɗaya cikin ruwan da aka rubuta. Ɗabi'ar nan ta tsakuro kaɗan a zuba a kofi, a ƙulle saura don gobe, ita ce ke ɓata awon, kuma tsimin bai kai haɗarin da ke cikinsa ba.

In babu ƙullin, a wanke hannu da sabulu, a sami lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin. A shafe cokalin daidai baki, kada ya yi tsororo. Uwa ta ɗanɗana kafin ta ba yaro, bai kamata ya fi hawaye gishiri ba. A rufe, in ya yi awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Ba a jira sai yaro ya langaɓe. Tun daga zawon farko ake farawa. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan, kusan cokali guda duk minti ɗaya ko biyu. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iya abin da zai iya. In yaro ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali, domin ba duka yake amayarwa ba. A nan ne iyaye da yawa ke karaya su ajiye kofin.

Sai ƙwayar zink, wadda ake yawan mantawa da ita: miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata 6, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, a narkar a ruwa ko nonon uwa. Kwana 10 zuwa 14 ake sha ko da gudawar ta tsaya a kwana na biyu, saboda tana gyara hanjin, tana kuma rage dawowar ciwon a watanni biyu zuwa uku masu zuwa.

Kada a yanke wa jariri nono, a ma ƙara masa. Wanda ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi kunu da fate da ayaba. Lemun kwalba ba magani ba ne, sukarinsa ya yi yawa. Haka Flagyl da ake ruga wa saya a kemis, yawancin gudawar yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, wannan magani ba ya taɓa ta. Batun "haƙori yake fitarwa" kuma, a lokacin ne yaro ke rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, ƙazantar ce ke jawo zawon, kuma bushewar jikinsa ɗaya ce da ta kowa.

A garzaya asibiti ko da tsakar dare ne idan idanun yaro suka zurma, maɗigarsa ta faɗa, ya kasa kama nono ko shan ruwa, ya daina fitsari, barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko aka ga jini a kashinsa. A tsunkuli fatar cikinsa a saki, in ta daɗe ba ta koma ba, ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata. Zawo mai kama da ruwan wankin shinkafa alamar kwalara ce, tana iya kashe ƙato cikin sa'o'i. A tafi da gorar haɗin a hannu, ana ba mara lafiyan yana kurɓa a kan hanya.

Wassalam.

Wani ma'aikacin lafiya a matakin farko,
Kano