Zuwa ga Nura, kafin ka sayi madubin kallon taurari

Agege, Legas

Assalamu alaikum, Nura.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Yaya baƙunta a Ikorodu? Mu nan sai godiya.

Rabi ce ta tsegunta mini cewa kana tara kuɗi za ka sayo madubin hangen taurari, har ta nuna mini hotonsa a waya: ƙato, faɗin bakinsa milimita 200. Ni na fara nuna maka Zara da Kaza da 'Ya'yanta a tsakar gidan nan, don haka ba ni da bakin hana ka. Sai dai ya kamata a ce daga bakinka na ji.

Ka haƙura da ƙaton nan. Irinsa da mazauninsa yakan kai kilo 20, kai kuma a bene kake. Wanda ya sha cunkoson hanyar Ikorodu ya iso gida bayan isha'i ba zai kinkimo wannan kaya ya sauko da shi bayan gida ba, ƙarshenta a lungu zai zauna yana shan ƙura. Sannan sararin Legas ba na Daura ba ne. Ga fitilu, ga hayaƙin janareto, ga gajimaren damina wata da watanni, in ya wuce hazon hunturu ya karɓa. Abubuwa masu dishi-dishi da ake sayen babban madubi dominsu, hasken gari ya riga ya haɗiye yawancinsu. Wata da duniyoyi su ne rabonka, su kuwa ƙaramin madubi ya ishe su.

Nemi mai gilashi a gaba, bakinsa milimita 70 zuwa 80, wanda za ka ɗaga da hannu ɗaya, ko mai madubi a ciki na ɗorawa kan tebur, 114 ko 130. Ka saita shi kan farin wata a daren bakwai ko takwas da tsayawarsa, daidai inda haske ya yi iyaka da duhu. Za ka ga ramuka da bakinsu fes, inuwar duwatsu kwance doguwa a ƙasa. Za ka ga Mushtari, wato Jupiter, da manyan watanninsa huɗu a jere, gobe ka tarar sun sauya wuri. Su ne masanin taurari Galileo ya gani a 1610 da madubin da bai kai wannan ba. Zoben Zuhal, wato Saturn, ma zai fito, ɗan mitsitsi amma sarai. Kada kwalin da aka rubuta wa "sau 500", wai yawan girman da yake ƙara wa abu ke nan, ya ruɗe ka. Ka ninka faɗin bakin biyu, nan ne iyakar ƙarfinsa: mai 70 ba ya wuce 140 sai hoton ya dagule. Ka girgiza ƙafafunsa tun a shago, in suna rawa ka bar musu kayansu. In ka shigo da shi da dare ka bari raɓa ta bushe kafin ka rufe, don damshin garin nan yana sa gilashi fumfuna.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci shi ne rana.

Nura, madubin nan aikinsa tattara haske ya zuba shi a ido. Ka tuna yadda kuke ƙona takarda da gilashin karatuna? To nan ƙwayar ido ce a wurin takardar. Duban rana sau ɗaya ta cikinsa, ko na ƙiftawa, yana iya ƙona cikin ido har abada, kuma wurin da ke ƙonewa ba ya jin zafi, ballantana yaro ya janye kansa. Ƙaramin da nake ce maka ka saya ya fi ba ni tsoro ta nan, don Halifa zai iya jan sa waje da hantsi kana wurin aiki. Yaron nan ba ya ganin abu ya ƙyale, kai ya gado. Hadiza kuma ido biyu gare ta, ga goyo, ga girki.

Na san kuma za ka ce za ka nemi jinjirin watan azumi da shi. Jinjiri yana can yamma, kusa da inda rana ta faɗi. Mai gaggawa sai ya fara share sama da madubi tun rana na saman rufin maƙwabta, hannu ya goce, shi ke nan. Ka jira ta faɗi ƙurmus. In ba ka gan shi ba, ba a kanka aka ɗora ba, akwai kwamitin ganin wata, Sarkin Musulmi zai yi sanarwa. In ka sami wani ɗan baƙin gilashi a kwalin wai na duban rana ne, mai ɗaurawa a wurin sa ido, ka jefar da shi ranar. Zafi yana fasa shi ido na kai. Ɗan ƙaramin madubin saiti da ke gefe ma haka yake ƙonawa.

Za ka ce Baba ya cika tsoro, kamar yadda ka faɗa lokacin babur. Kai ba ka sauraron magana sai ta zama labari, kuma yanzu ba kai kaɗai ba ne, akwai 'ya'yan da Allah ya ba ka amana. Ka ga yadda kawunka Sale yake lalube tun bayan abin da ya same shi, ni nake riƙe masa hannu zuwa masallaci. Wanda ya ga wannan ba za a ce ya cika tsoro ba.

Ban faɗa don in kashe maka sha'awa ba, wallahi na ji daɗi da ka tashi da son kallon halittar Ubangiji maimakon yawon dare. Ka haɗa da akwati mai kwaɗo, makullin a aljihunka, kada ya fito sai bayan magariba kuma kana tsaye. Ka zaunar da Halifa ka gaya masa dalili da bakinka.

Kada ka biya kuɗi sai na gani. Ka zo ranar Asabar mu je tare, ka taho da yaran, kakarsu na cigiyarsu. A gaishe da Hadiza. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka.