Wasiƙa zuwa ga ƙawata a Ingila: safar ƙwabrin Inna

Argungu, tsakiyar hunturu

Assalamu alaikum ƙawata ta kaina,

Ina fatan kina lafiya ke da maigidan da yara, ya sanyin ƙasar mutane, ya karatun nashi? Allah shi sa a gama lafiya a maido muna ku gida. Mu nan alhamdulillahi kowa lafiya lau, sai dai ɗarin bana ya sauko da ƙarfinshi, tun ƙarshen Nuwamba hazo ya rufe gari, da safe in kin tsaya ƙofar gidanmu ko itatuwan fadama ba ki hangowa, leɓe duk ya tsattsage, yara kuwa kullum cikin tari da majina. Na so in yi miki saƙon murya amma maganar tana da tsawo kuma kin san sabis ɗinmu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki a natse.

Saƙonki ya iso hannuna tun sati biyar da sunka wuce, zaren ulu dunƙule huɗu masu giram 50 kowane, da tsinken saƙar nan mai kai biyu da waya ta haɗa su a tsakiya. Wallahi da na buɗe ledar na shafa zaren sai da idona ya kawo ruwa, don sai na tuno mu a aji muna saƙa hular jarirai da kwarashi, ke kina gama taki kina karɓar tawa kina gyara min baki. Allah shi saka da alheri, shi bar zumunci. Na yi shiru ban ba ki labari ba ne don ina son sai abin ya tabbata tukuna, to yanzu kam ya tabbata, Inna ta sa, kuma ba ta cirewa.

Kin san yadda take fama da sanyin ƙashi, da zarar hunturu ya kama ƙwabrinta da gwiwoyinta sai su riƙa yi mata tsami, wani dare har asuba ba ta runtsawa. Safa babu irin wadda ba mu saye mata ba, duk tana nan cikin kwalla ba ta taɓa su. Kuma ni ban ga laifinta ba, mace ce da ba ta rabo da alwala, ban da salloli biyar ga nafilfilinta ga tashin dare, kowane lokaci sai ta duƙa ta cire safa ta wanke ƙafa ta jira ta bushe ta maida, da wane bayan za ta yi wannan? Ga silifas ba shi shiga da safa saboda tsakanin yatsu, in kuma ta taka tsakar gida da ita ta jiƙe sanyin ya fi na da. Dabararta ita ce ta samu tsohon ɗankwali ta naɗe ƙwabrin ta ɗaure, tana tashi shi warware shi faɗi. Shi ya sa ranar da kinka turo min hoton safar nan marar tafi, wadda ke tsayawa daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa, na ce to ga maganin Inna. Na tuna kin ce asali masu rawar nan ta kan yatsu ke sa ta lokacin gwaji don kada naman ƙafarsu shi huce, kafin ta zama yayi a Amurka shekarun 1980. Ashe buƙatarsu ɗaya da ta tsohuwarmu, ƙwabri shi ji ɗumi, tafin ƙafa kuma a bar shi sake don yana da aikin yi.

Bari in gaya miki yadda na yi don ki duba in akwai gyara. Na ɗauki tef ɗin tela na auna sharaɓarta inda ta fi kauri, santimita 32, daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa kuma 36. Na fara saƙa ɗan ƙyalle na gwaji kamar yadda kinka ce, da tsinken milimita 4 ido 22 ya ba ni santimita 10 daidai. (Ni ido nake ce ma kowane ƙulli, yadda masunta ke ce ma na homa, ban san mi kuke kiranshi can ba.) Da na yi lissafi sai na ɗora ido 72, na yi ta saƙa har kusan taƙi guda, na gwada mata sai ga shi yana zamewa yana taruwa a idon sawu. Nan na gane irin saƙar da nake yi, ido biyu ta gaba ido biyu ta baya, tana miƙewa sosai kamar roba, dole a yi ta ta fi ƙafar ƙanƙanta sannan ta kama jiki. Na warware duka na koma ido 60, kuma dole adadin shi rabu gida huɗu-huɗu, in ba haka ba wurin haɗuwar zagaye sai layin ya karkace.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne wayar tsinken, ta fi zagayen ƙafa tsawo nesa ba kusa ba. Kwana biyu ina juya shi a hannu kafin na samu wani bidiyo a YouTube inda matar ta raba idon gida biyu ta jawo wayar ta fito a tsakiya kamar kunne, ta saƙa rabi, ta juya ta saƙa rabin. Na kalle shi ya fi sau goma, data ta ƙare na sake sawa. Da hannuna ya saba kuwa sai na ga ya fi saƙa a shimfiɗe a zo a ɗinke, don babu ɗinkin da zai riƙa gugar fatar tsohuwa, kin san fatarsu da hunturu kamar takarda take. Abu ɗaya dai, lokacin haɗa zagayen farko a tabbata layin bai murɗe ba, in ya murɗe babu gyara sai warwara.

Ƙafa ɗaya ta ɗauke ni kwana shida, bayan isha'i nake zama da fitilar sola in yara sun kwanta. Wurin rufe baki na yi taka-tsantsan ƙwarai saboda ƙafar Inna tana ɗan kumbura da yamma, kuma nas ɗin da ke duba hawan jininta ta ja min kunne kada a sa mata abin da zai shaƙe jini. Sai na lalubo tsohon tsinkena mai milimita 5 na rufe da shi sako-sako, yanzu yatsana biyu na shiga tsakanin bakin da fatarta, in ta cire kuma ba shi barin zane. Duka biyun sun ci dunƙule biyu da kusan rabin na uku.

Ranar da na kai mata, ta juya su ta leƙa ta wancan gefen ta ce, "Mi na wanga kuma, hannun riga anka yanke?" Na ce Inna miƙo ƙafa dai. Na shafa mata man kaɗanya na zura mata, ba ta ce komai ba. Da anka kira magariba ina kallonta daga kicin, ta zauna kan 'yar kujerarta da buta, ta ture safar sama da hannu ɗaya ta wanke ƙafa har idon sawu, ta goge da gefen zane ta jawo ta ƙasa, ta zura silifas ta wuce ɗaki. Washegari da na je gaishe ta ta ce rabon da ta yi barci irin na jiya tun kafin a yanke shinkafa. Ƙawata na kasa riƙe hawaye, sai da na fita waje. Ba warkewa ta yi ba, ciwon yana nan kuma tana shan maganinta, amma dare ya yi mata sauƙi. Ta ce in gaya miki Allah shi yi miki albarka, shi ba ki masu yi miki.

To kin san gidanmu, abu ba shi ɓoyuwa. Gwaggo ta gani ta ce ita ma, makwabciyarmu ta ce ita ma, har Auta da ke kabu-kabu yanzu ya ce iskar asuba a hanyar Birnin Kebbi tana shiga ta ƙafar wando kamar ana yanka shi da reza, a yi mishi baƙa. Na tafi kasuwa neman zare, abin da na samu duk irin wanda muke kayan jarirai da shi ne, ana ce mishi ulu amma roba ne. Na yanko guntu daga naki da guntu daga na kasuwa na kai bakin ashana. Naki ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago da layya, wutar ta mutu da kanta, na murza ya zama gari. Na kasuwa kuwa ya kama, ya narke ya dunƙule kamar leda yana ɗiga. Wannan ya tsorata ni ba kaɗan ba, don tsofaffinmu da sanyin safe kasko suke sawa gaba su miƙe ƙafa har kusan cikin garwashi, in wannan zaren ya narke fata zai manne ma. Auta ma ƙafarshi kusa da salansa take yini. Na dai yi ma makwabciyar da na kasuwa don ita ba mai jin wuta ba ce kuma na gaya mata gaskiyar abin, amma Gwaggo na ce ta yi haƙuri, ragowar naki zan haɗa mata ko da gajera ce.

Wanki ma na hana kowa taɓa na Inna, ni nake yi da kaina. Ruwan sanyi da sabulu kaɗan, in matsa a hankali ba cuɗawa ba murɗewa, in naɗe cikin tawul in shimfiɗa a inuwa, don na ji kin ce ruwan zafi da cuɗa suna sa ulu shi cure shi ƙanƙance kuma ba shi komawa. Da iskar hunturu kafin la'asar ta bushe. In zafi ya shigo wajen Maris zan wanke in sa cikin leda da kafur saboda asu.

Yanzu ga roƙona, kuma don Allah kada ki ce ba za ki karɓi kuɗi ba wannan karon. In kin samu mai tahowa kafin sanyin baɗi ki aiko min dunƙule shida irin wancan kaurin, uku baƙi ko ruwan toka don Auta, ukun kuma kowace kala mai duhu, don mai hasken nan kwana biyu ƙura ta maida shi ja. Ki duba takardar jikin zaren ki tabbata ulu ne zalla. Ki auno min kuma ƙafar 'yata ta wajenki, kauri da tsawo, ina son ta tafi makaranta da saƙar hannuna ko da da ɗan abin da zai ragu ne. Ni kuma na fara tara miki kuka da daddawa da yajin da kike so, Inna da kanta ta daka.

Ki gaida maigidan da kyau, ki shafa min kan yara. Su Yaya da Gwaggo duk suna gaishe ki, Inna na tambaya ko kuna zuwa da babbar sallah, ki ba ni amsar da zan kai mata.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Argungu