Jan layin kwamfuta na hana yaranmu rubutu

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana malamai masu koyar da kwamfuta a makarantun karkara irin namu na nan yankin Ringim.

Yaran nan sai an tada janareto suke samun zama gaban kwamfuta, mutum uku huɗu a kan guda ɗaya, kuma rabin lokacin wajen korar jan layi yake tafiya. Yarinya ta rubuta sunanta Word, wato manhajar da ake rubutu da ita a kwamfuta, ya ja mata layi a ƙarƙashi don bai san kalmar ba, ta rubuta sunan garinsu ya sake ja, sai ta tsaya cak tana ganin ta yi kuskure, ta ɗauki kalmar farko da ya miƙo mata alhali ko ma'anarta ba ta sani ba, haka za a tashi ko sakin layi ɗaya ba ta gama ba. Ga shi yawanci a Turancin Amurka yake zuwa, yaro ya rubuta colour yadda muka koya masa a aji na'ura ta ce ita color ta sani, to wa zai bi, malam ko kwamfuta? Wallahi kwamfutar suke bi.

Gyaran kuwa ko sisi ba ya ci. A shiga File, sai Options, sai Proofing, a cire alamar da ke kan Check spelling as you type da ta Mark grammar errors as you type, shi ke nan layukan sun ɓace yaro ya zuba abin da ke kansa. In ya gama sai ya danna F7 a bi gyaran ɗaya bayan ɗaya malam na tsaye a kansa, duk wanda zai karɓa ya faɗi dalili, don shuɗin layin nan na nahawu ba kullum yake da gaskiya ba, kuma ranar jarabawa ai babu mai ja masa layi.

Yaren ma a canza shi ta Review, Language, a mayar Turancin Ingila. Sunaye irin su Gumel da Kazaure a danna musu Add to Dictionary sau ɗaya an huta. In insha'in Hausa ne a zaɓe rubutun duka a sa masa Do not check spelling or grammar, in ba haka ba shafin gabaɗaya ja zai koma kamar an zubar da manja.

Masu shagunan taifin da ke buga wa ɗalibai furojet ku ma ku leƙa naku.

Naku,
Malamin sakandare, ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa