Jan fure, shirun minti biyu, da kaburburan Musulmi a Turai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata gardama da ke tasowa duk watan Nuwamba tsakanin 'yan'uwa mazauna Ingila da Kanada, har ta kan iso mana gida ta WhatsApp: shin ya halatta Musulmi ya maƙala jan furen tunawa da 'yan mazan jiya a ƙirji, ya kuma tsaya shiru tare da jama'a? A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Furen takarda ne, bayan mako biyu an yar da shi. Abin da ke da haƙƙi a kanmu shi ne Musulmin da suka mutu a yaƙe-yaƙen nan, da kaburburansu, da sunayensu da suka ɓace.

Da farko a san yadda bikin yake, domin da yawan masu gardamar ba su rarrabe sassansa. An tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 11 ga Nuwamba, 1918, da ƙarfe 11 na safe, shi ya sa ake yin shirun minti biyu a daidai wannan lokaci. Babban taron Landan kuma ana yin sa ranar Lahadi ta biyu a watan, a gaban dogon dutsen nan da ake kira Cenotaph a titin Whitehall, wanda aka buɗe a 1920. Babu gawa a ƙarƙashinsa, babu kuma gicciye a jikinsa, kuma da gangan aka yi haka saboda waɗanda suka mutu ba addininsu ɗaya ba. Agogo zai buga, a harba igwa, a yi shiru, a sake harbawa, a busa ƙaho, Sarki ya ajiye furanni, shugabanni su biyo baya. Sai bayan nan Bishop na Landan zai jagoranci gajeriyar addu'ar Kirista da waƙar coci. Wato sashe na farko na hukuma ne, na biyu ibada ce ta masu ita, kuma ba a tilasta wa kowa ya ce amin. Jan furen kuwa ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Royal British Legion ke rarraba shi tun 1921 tana karɓar gudummawa don kula da tsofaffin sojoji da iyalansu.

Malamai sun kasu kan tsayuwar shiru. Wasu sun ce bidi'a ce da kwaikwayon al'adar wasu, mamaci addu'a yake buƙata. Wasu sun ce al'ada ce ta girmamawa, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya miƙe da aka wuce da gawar Bayahude, da aka faɗa masa ko ta wane ce ya ce, ashe ba rai ba ce? Wannan fage na malamai ne. Amma a yi wa masu ƙin furen adalci: yawancinsu ba fiƙihu ke damunsu ba. Furen ya haɗa duk sojan Birtaniya da ya mutu, har da na Iraƙi da Afganistan, kuma matashin da ya ga abin da aka yi a Bagadaza da wuya ya ɗaura shi da daɗin rai. Sai kuma 'yan tsiraru suka ɓata rawarsu da tsalle: a 2010 wata ƙaramar ƙungiya ta ƙona furen a Landan ana tsakiyar shiru, gwamnati ta haramta ta a shekarar da ta biyo, amma hoton ya manne wa al'umma gaba ɗaya. Ko ɗankwalin nan mai zanen jan fure da aka fitar a 2014 bai kashe wutar ba, don wasu mata sun ce me ya sa su kaɗai ake nema su nuna shaidar biyayya a ka.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Musulmi kusan 400,000 ne suka yi wa Birtaniya yaƙi a rundunar Indiya a yaƙin farko. Khudadad Khan, mai bindiga mai jigida, ya samu lambar Victoria Cross, mafi girma ta jarumta, saboda abin da ya yi a Beljiyam ranar 31 ga Oktoba, 1914. Waɗanda suka ji rauni an kai su asibiti a Brighton, aka ware musu wurin girki da mahauci. Da Jamusawa suka fara yaɗa cewa Ingila ba ta yi wa Musulmi sutura yadda addini ya ce, sai hukuma ta keɓe maƙabarta a Horsell Common kusa da masallacin Shah Jahan na garin Woking, wanda aka gina tun 1889. An binne mutum 19 na yaƙin farko da 8 na yaƙi na biyu. To ga inda abu ya lalace: wurin a daji yake, babu mai gadi, ɓata-gari suka riƙa ɓarna, har a ƙarshen shekarun 1960 aka tone gawarwakin aka mayar da su maƙabartar sojoji ta Brookwood. Kangon ya zauna shekara da shekaru kafin a gyara shi a 2015.

A Faransa babban masallacin Paris, da aka buɗe a 1926, shi kansa tukuici ne ga Musulmin da suka mutu mata. A Douaumont kusa da Verdun akwai kaburbura 592 da aka jera suna fuskantar alƙibla, a Notre-Dame-de-Lorette kuma 576. Waɗannan na ƙarshen an ci mutuncinsu da fenti da zage-zage sau uku tsakanin 2007 da 2008. Ga mai ziyara, gane kabarin Musulmi ba wuya. Na Faransa dutse ne mai kai kamar bakan ƙofar masallaci, da jinjirin wata da tauraro, an rubuta "haza ƙabrul marhum" da Larabci. Na Birtaniya farin dutse ne irin na kowa, sai dai a sama an sa "Huwal Gafur", a ƙasa "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un".

Waɗannan ma masu sa'a ne, sun samu dutse. A watan Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC, ta fitar da rahoto a kan kanta. Ta amsa cewa mutum 45,000 zuwa 54,000, galibi 'yan Indiya da Afirka, ba a karrama su daidai da Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. A cikin takardun har da maganar gwamnan Gwalkwas (Ghana ta yau) a 1923 yana cewa ɗan ƙasa ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. A 2024 gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan ɗaya don gina wurin tunawa da Musulmin yaƙoƙin biyu. Madalla, amma hasumiya ɗaya ba ta maye gurbin sunan mutum.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Rundunar Birtaniya ta Afirka ta Yamma galibi da Hausa ake ba ta umarni a wancan zamani. Ta yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin farko, sannan a yaƙi na biyu runduna ta 81 da ta 82 suka je Bama. Wanda duk kakansa ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba, ga yadda zai neme shi. Ya fara da akwatin gida: lambar soja ita ce mabuɗi. Ta sojan Nijeriya a yaƙi na biyu kan fara da NA, ta ɗan Gwalkwas da GC. Lambobin yabo na yaƙin farko an buga suna da lamba a gefensu, a duba da kyau a cikin haske. Na yaƙi na biyu yawanci babu komai a jiki, don haka sai a nemi littafin albashi ko wata takarda daga bariki. Daga nan a shiga shafin CWGC na intanet, kyauta ne, a sa lambar. Idan babu lamba sai a yi haƙuri da suna, domin akawun bariki yadda ya ji yake rubutawa. Muhammadu kan koma Momo ko Mama, Ahmadu ya koma Amadu, kuma sau da yawa garin mutum aka mayar sunan mahaifinsa, a ga Garba Katsina ko Audu Bauchi. A gwada kowane salo, a juya sunan gaba da baya. A kuma lura cewa hukumar na lissafa wanda ya mutu ne daga 4 ga Agusta, 1914 zuwa 31 ga Agusta, 1921, ko daga 3 ga Satumba, 1939 zuwa 31 ga Disamba, 1947. Wanda ya dawo gida ya rasu bayan haka ba ya ciki, ko da raunin yaƙi ne ajalinsa. Na Bama da ba a ga gawarsu ba, a neme su a bangon tunawa na Rangun da ke maƙabartar Taukkyan, mai sunaye kusan 27,000.

'Yan'uwanmu na Nijar su duba shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa. Kada sunan "tirailleurs sénégalais" ya ruɗe su, duk sojan baƙar fata na Afirka ta Yamma da ya yi wa Faransa yaƙi haka aka kira shi ko daga ina ya fito.

Idan an samu sunan a karkace, ko ba a same shi ba alhali akwai takarda a hannu, CWGC na karɓar ƙorafi, amma da hujja a rubuce: hoton takardar, lambar soja, da shekarar rasuwa. Labarin baka kaɗai ba ya wadatar da su. Masallatan Landan kuma da ke shan wannan gardama kowace shekara, jirgin ƙasa daga tashar Waterloo yana tsayawa a Brookwood, bakin maƙabartar. Limami ɗaya da mutum ashirin sun isa a je a yi sallama ga mutanen nan 27, a karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a roƙa musu gafara.

Wassalam.
Mai karatunku a kullum, daga Kaduna.