Kafin a sa hannu a takardar tiyatar zuciya, a tambayi batun koda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a bani fili in ja hankalin 'yan uwa, musamman mu Hausawan dake zaune nan Makka da Jidda.

Kawuna ne aka yiwa aikin zuciya a wani asibiti a Jidda, wlh duk zaman da mukayi muna jira zuciyar kawai muke yiwa addu'a, ba wanda ya tuna da koda. Aiki yayi kyau. Kwana biyu bayan nan sai ledar fitsarin dake rataye jikin gado ta kusa daina taruwa, likita yace koda ta samu rauni, sai da akayi masa wankin koda, gasil kamar yadda ake cewa anan, kafin ta dawo.

Ni dai na nace da tambaya har aka fahimtar dani. Idan za'a tsayar da zuciya, ana jona mutum da wani inji dake rike aikin zuciya da huhu, tun 1953 da likita John Gibbon ya fara cin nasara dashi a Amurka ake tafiya akai. Kafin a jona sai an cika bututun injin da ruwa, lita daya ko fiye, ruwan nan ya gauraya da jini sai jinin ya tsinke, to shine ake sa matata a cire ruwan don jini yayi kauri, jiki kar ya kumbura, kuma a rage bukatar karin jini. Dabara ce mai kyau, amma ita koda kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke bugawa wajenta yake zuwa, in aka tsane ruwan ya wuce kima sai ta ji kishirwa, kuma akwai binciken da ya nuna cire ruwa mai yawa yana tafiya da karuwar raunin koda. Ba shi kadai bane, dadewa akan injin, faduwar bugun jini, tsufa, suga da hawan jini duk suna da hannu. Don haka ban zargi kowa ba.

Laifin da na gani namu ne. Kawu shekara da shekaru yana shan Voltaren da Brufen saboda ciwon gwiwa kamar gyada, kuma ba wanda ya fadawa likita, mun dauka ai maganin gwiwa ne ina ruwansa da zuciya. Ashe suna cikin magungunan dake wahalar da koda.

Mu kuma da kunyar tambaya, ga Larabcin asibiti ba irin na kasuwa bane, sai ayi ta cewa tayyib tayyib a sa hannu. Dan Allah a tafi da wanda yake jin yaren sosai, a kwashi duk maganin da mara lafiya ke sha har na gargajiya a nuna, a tambayi sakamakon gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini da ke nuna yadda koda ke aiki, kafin aiki da bayansa, mai jinya kuma ya rika leka ledar fitsarin nan yana tambayar nas nawa ta taru.

Kawu yana gida yanzu, gwiwar dai tana nan, an hana shi Voltaren, kullum sai yayi mana mita.

Naku,
Mai karatu daga Shara Mansur, Makka