Ƙuri'ar Puerto Rico ba ita za ta mai da ita jiha ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta labarin da kuka kawo kan mutanen Puerto Rico, tsibirin nan da ke ƙarƙashin ikon Amurka, da ke neman zama jiha ta 51 a ƙasar, sai wani abokina ya ce min ai tunda sun kaɗa ƙuri'a shikenan magana ta ƙare. Ina ga akwai masu irin wannan tunanin da yawa, shi ya sa na ce bari in ɗan yi tsokaci.

Tsarin mulkin Amurka majalisar tarayya kaɗai ya bai wa ikon karɓar sabuwar jiha. Ƙuri'ar mutanen yanki ra'ayi ne kawai, ba ta ɗaure kowa ba. Yawanci majalisa ce ke fara ba da izini, mutanen yankin su zauna su rubuta nasu tsarin mulkin, sannan a amince a ce sun shigo. A 1787 an taɓa sa ƙa'idar cewa yanki ya tara 'yantattun mutane 60,000 kafin ya zama jiha, to Puerto Rico fa mutum miliyan uku da wani abu ne, tun 1917 'yan ƙasar Amurka ne, a 2020 wajen kashi 52 cikin ɗari suka ce suna so, amma har yau ba sa zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu ma a majalisar wakilai sai dai ya yi magana ya kuma kaɗa ƙuri'a a kwamiti, in an zo ƙuri'ar ƙarshe a zaure ɗan kallo ne.

A ganina abin da ya riƙe su kujeru ne. Duk jiha sanatoci biyu gare ta, ko Wyoming da ba ta kai mutum 600,000 ba biyu ne, daidai da California. To wace jam'iyya ce za ta buɗe ƙofa a ƙara wa abokiyar hamayyarta sanatoci biyu tana ji tana gani? Ko a 1820 haka aka yi, sai da aka yanke Maine daga Massachusetts ta zama jiha marar bayi don ta yi kunnen doki da Missouri mai bayi a majalisar dattawa, ita Missouri ta shigo 1821. Utah kuwa tun 1849 take ta nema, aka ƙi saboda auren mata da yawa na 'yan Mormon, sai da cocinsu ya janye abin a 1890 aka kuma rubuta haramcin cikin tsarin mulkin jihar, sannan ta samu shiga a 1896.

Abin dariyar ma, Alaska da Hawaii da suka shigo 1959 lissafin da aka yi shi ne Alaska ta Democrat, Hawaii ta Republican, kowa ya samu nasa. Yau an wayi gari abin ya juye, Alaska na bin Republican, Hawaii na bin Democrat. Don Allah in za ku sake kawo labarin ku leƙa mana majalisar dattawa, mu ji sanatoci nawa ne ke goyon baya.

Naku mai karatu a kullum.